Asalin "lamba ɗaya" a cinikin kayan wasan yara

A Gauraka, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna daf da Suleja, mai sayen motar wasa ko 'yartsana ta gwanjo yakan ji kalmomi uku ko huɗu daga bakin mai kaya: lamba ɗaya, lamba biyu, zaɓen farko, sai kuma tarkace. Babu hukumar da ta tsara su, babu littafin da aka rubuta su, amma da su ake yanke farashi. A Amurka da Ingila ma akwai irin wannan ma'auni, sai dai abin da suke aunawa can daban yake da namu.

Nasu ya faro ne daga tsabar kuɗi. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70 don tantance tsofaffin kwabban ƙasarsa na shekarun 1793 zuwa 1814. Lissafinsa mai sauƙi ne: kwabon da ya samu 70 ya ninka farashin wanda ya samu 1 sau saba'in. Lissafin farashin bai daɗe ba ya rushe, amma lambobin suka zauna. Daga wannan fage ne kalmar "mint" ta fito, wato kuɗin da yake kamar yanzu ya bar gidan buga shi, kuma ita ce masu tara kayan wasa suka ara daga baya.

Sun are ta ne a lokacin da yaran da suka yi wasa da motocin Matchbox na 1953, da 'yartsanar Barbie ta 1959, da Hot Wheels na 1968 suka girma, suka sami abin hannu, suka shiga neman kayan ƙuruciyarsu. Abin ya ƙara ƙarfi da mutum-mutumin fim ɗin Star Wars da kamfanin Kenner ya fara sayarwa a 1978. A lokacin ciniki ta wasiƙa ake yi, mai saye bai ga kaya ba, dole a sami gajerun kalmomin da kowa ya yarda da su. Sai aka sami MIB ga wanda yake sabo fil da kwalinsa, NRFB ga wanda ba a taɓa ciro shi daga kwali ba, MOC ga wanda har yanzu yake manne a jikin katinsa, da ma'aunin C1 zuwa C10. Zuwan shafin ciniki na intanet eBay a 1995 ya tona raunin tsarin, domin kowa cewa yake nasa C9 ne. Shi ya sa a 2000 aka kafa AFA, kamfanin da ake aika wa kayan wasa ya duba, ya ba shi maki cikin ɗari, ya rufe shi a akwatin roba mai haske. A watan Agustan 2024 an sayar da wani samfurin mutum-mutumin Boba Fett na Star Wars da bai taɓa shiga kasuwa ba a kan fiye da dala miliyan 1.3.

Namu tsarin ya fi wannan tsufa ta wani gefen. Tun kafin dila ta fara sauka, dillaliya na yawo gida-gida da kayan hannu, kuma ta san bambancin sabo dal, da wanda aka ɗan taɓa, da wanda ya ji jiki. Shaidarta ita ce fuskarta, tunda gobe ma gidan za ta dawo. Lambobin kuwa da dilar gwanjo suka zo. A Turai da Amurka kamfanonin tace kayan da jama'a suka bayar kyauta suna ware su daraja-daraja kafin su ɗaure, kayan wasa ma haka. Karyewar naira bayan tsarin SAP na 1986 ta sa sabon kaya ya fi ƙarfin talaka, kayan Kwatano da na Baljiyam suka cika kasuwanni, daga Ƙofar Wambai a Kano zuwa Kasuwar Barci a Kaduna. Da aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja a Disambar 1991, ma'aikata da 'yan ƙwadago da hayar birnin ta gagara suka kwararo Suleja, Madalla da Gauraka. Ga iyalai masu ƙananan yara, ga aljihu ba nauyi; kasuwar gwanjo ba ta buƙatar fiye da haka.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne daraja takan canza a cikin yini guda. Idan aka fasa dila da safe, masu zaɓen farko su kwashe na kirki su biya da tsada, yawanci 'yan sari ne masu kai wa shaguna. Abin da ya rage ya zama lamba biyu ko da dilar lamba ɗaya ce, kafin la'asar kuma a tara saura a sa musu kuɗi ɗaya. Tambayoyin mai saye duka na amfani ne: ƙafafun motar sun cika? Idan an sa batir tana tashi? Gashin 'yartsanar bai tsige ba? Kwali kuwa ba wanda ya damu da shi. Motar ƙarfen da Bature mai tara kaya zai rage wa daraja don an ɓare ta daga katinta, a wurinmu ita ce gangariya, domin ta fi sabuwar roba mai araha ƙarko. Ni dai ina ganin ma'aunin da ke tambayar ko yaro zai mori abu ya fi kusa da dalilin ƙera shi.

Sai dai matsalar da ta haifi lambobin can ta iso mu. Yanzu a WhatsApp da Facebook ake tallan kayan, a tura kuɗi, a ɗora a mota daga Suleja zuwa Minna ko Zariya, mai saye bai taɓa su da hannu ba. Ba mu da wani na uku da zai duba ya sa maki, don haka "lamba ɗaya" ta zama duk abin da mai kaya ya ce. Masu sayen da suka san kan abin sun koma neman bidiyo: a juya kayan ta kowane gefe, a sa batir a kunna a gaban kyamara, a kuma yi alkawarin karɓar kaya idan suka iso ba yadda aka nuna ba.