Tarihin Sunayen Maza a Ƙasashen Sikandinebiya

Sunayen da ake raɗa wa yara maza a Denmak da Norwe da Suwidin, da kuma tsibirin Aisilan da ya gaji harshensu na dā, ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Wasu sun samo asali tun zamanin maguzanci, wasu addinin Kirista ne ya shigo da su, wasu kuma sun yi ɗaruruwan shekaru a kwance kafin a sake tono su a ƙarni na 19.

Mafi tsufa su ne na zamanin Baikin, wato mayaƙa da fataken teku da suka yi tashe daga wajen shekarar 793 zuwa 1066. Sunan namiji a lokacin yakan haɗa kalmomi biyu. Harald ya ƙunshi runduna da mulki, Sigurd nasara da tsaro, Gunnar yaƙi da mayaƙi. Akwai kuma gajeru da aka ɗauko daga daji da ƙasa: Ulf kyarkeci ne, Arne mikiya, Sten dutse, Bjørn kuwa dabbar nan beyar mai tsananin ƙarfi. Sunan Thor, abin bautarsu na tsawa, ya shiga gaban sunaye masu yawa, irin su Thorstein da Thorvald da Thorbjørn, domin a ganinsu shi ne mai tsare manomi da matafiyi. Odin, duk da cewa shi ne babba a cikin allolinsu, da wuya a same shi a sunan mutum. Shaidar duk wannan tana nan a duwatsun tunawa da matattu da aka sassaƙa wa rubutu, waɗanda Suwidin kaɗai ke da fiye da 2,500. Mafi shahara shi ne dutsen Jelling a Denmak, wanda Sarki Harald ya kafa wajen 965 domin tunawa da iyayensa, Gorm da Thyra. Laƙabin wannan sarki ne aka bai wa fasahar Bluetooth ta wayar salula.

Raɗin suna ba ƙaramin al'amari ba ne a wurinsu. Labaran gargajiyar Aisilan sun nuna ana kawo jariri gaban uba, idan ya karɓe shi sai a yayyafa masa ruwa a sa masa suna, daga nan ya zama ɗan gida mai haƙƙin gado. Sau da yawa sunan wani dangi da ya rasu ake mayarwa, bisa imanin cewa sa'ar mamaci da halinsa za su bi takwaransa.

Shigowar addinin Kirista ta sauya lamarin, amma a hankali. Denmak ta karɓe shi a zamanin Harald ɗin nan, Aisilan wajen shekarar 1000, Suwidin kuma ta fi daɗewa. Sunayen Baibul da na waliyyan coci suka shigo da siffar Latin, bakin mutane ya yi ta goge su har suka zama kamar na gida. Johannes ya haifi Jon da Jens da Johan da Hans, Petrus ya koma Per da Peder, Nikolaus ya zama Nils da Niels, Laurentius ya zama Lars, Andreas kuma Anders. Wannan ne abin da baƙi suka fi kuskurewa: Lars da Nils, da ake ɗauka su ne asalin sunayen arewacin Turai, aro ne daga Latin da Girkanci. Magnus ma haka. Snorri Sturluson, marubucin Aisilan na ƙarni na 13, ya ruwaito cewa an haifi ɗan Sarki Olav na Norwe da dare yana da rauni, ba wanda ya yi ƙarfin halin tashin sarki daga barci, sai mawaƙin fada Sigvat ya sa aka yi wa yaron baftisma da sunan Magnus, don girmama Shalman, babban sarkin Farankawa. Yaron ya rayu ya yi sarauta, sunan ya bazu.

Tsofaffin sunayen da suka tsira da ƙarfinsu su ne waɗanda wani sarki mai ɗauke da su ya zama waliyyi a idon coci. Olav na Norwe ya faɗi a yaƙin Stiklestad a 1030, Knud na Denmak an kashe shi a 1086, Erik na Suwidin a 1160. Sunayen nan uku sun zama na Kirista ba tare da sun sauya kama ba. Daga baya fataken Jamus da suka cika biranen gaɓa irin su Bergen, da gidajen sarauta masu jinin Jamus, suka ƙara nasu. Daga 1513 har zuwa 1972 sarakunan Denmak ba su fita daga Christian da Frederik ba, ɗaya bayan ɗaya.

A karkara kuwa zaɓi kusan babu shi. A Norwe al'ada ta tsayar cewa ɗan fari namiji ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu ya ci na kakansa na wajen uwa, abin da ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba. Don haka 'yan sunaye kaɗan suka yi ta zagayawa a gida ɗaya, Ole ɗan Hans ya haifi Hans ɗan Ole. Ana bambanta mutum da sunan ubansa haɗe da kalmar ɗa, Hansen ko Andersson, sannan a ƙara sunan gonar da yake zaune. Hukuma ce ta daskarar da waɗannan suka zama sunan zuriya: Denmak ta fara a 1828, Norwe ta yi dokarta a 1923. Aisilan ba ta bi ba, har yau ɗan Jón ana kiransa Jónsson.

Ƙarni na 19 ya zo da kishin ƙasa da son tarihin kakanni. Waƙar Frithiof ta Esaias Tegnér, wadda ta fito a 1825, ta sa iyaye suka koma neman suna a labaran dā, kuma daga wannan yayi ne mai binciken ƙanƙarar arewa Fridtjof Nansen, haihuwar 1861, ya sami nasa. Babu misalin da ya kai na 1905, lokacin da Norwe ta rabu da Suwidin. Yariman Denmak da aka zaɓa sarki sunansa Carl, sai ya ɗauki Haakon, sunan sarakunan Norwe na dā, aka kuma mayar da ɗansa Alexander ya zama Olav. Da suna aka ɗinke sabuwar ƙasa da tsohuwar masarautarta, kuma talakawa sun fahimci saƙon.

A yau doka tana da hannu a zaɓin. A Suwidin hukumar haraji ake kai wa sunan jariri cikin wata uku, kuma tana iya ƙin wanda zai cutar da yaron. Denmak tana da jerin sunayen da aka amince da su. Aisilan ta kafa kwamitin sunaye a 1991, mai duba ko sabon suna zai zauna a nahawun harshenta. Wannan tsari yana shan suka, amma manufarsa ta kare yaro da harshe abin fahimta ce ga al'umma ƙarama.

Ɗanɗanon iyaye kuma ya sake juyawa. Noah da William da Lucas da Oliver sun daɗe a sahun gaba, domin ana iya furta su a ko'ina, ba kamar masu haruffan ø da å ba, waɗanda kan ba da wahala a fasfo da kwamfutocin ƙasashen waje. A birnin Oslo, Muhammad ya yi shekaru da dama yana kan gaba a sunayen jarirai maza, sakamakon zuwan Musulmi daga Pakistan da Somaliya da wasu ƙasashe. Tsofaffin sunaye irin su Leif da Ragnar da Bjorn kuwa sun sami masoya a ƙetare, musamman a Amurka, wurin jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa jihohi irin su Minnesota, da kuma wurin masu kallon finafinan Baikin.