Yadda ake adana asfaragus bayan girbi

Asfaragus kayan lambu ne da ake cin tohonsa, wato ɗanyen tsiron da ke fasowa daga ƙasa kafin ya buɗe. Ƙasar Sin ce ta fi noma shi, amma Peru da Meziko ne kan gaba wajen fitar da ɗanyensa zuwa kasuwannin Amurka da Turai.

Wahalar adana shi ita ce, ko an yanke tohon ba ya daina girma. Yana cikin kayan lambun da suka fi saurin numfashi, don haka a wuri mai ɗumi zaƙinsa kan ragu cikin 'yan sa'o'i, gindinsa ya yi tauri ya cika da zare. Asarar da aka yi a ranar girbi kuwa, babu firjin da ke dawo da ita.

Shi ya sa ake fara sanyaya shi da ruwan ƙanƙara da zarar ya baro gona, galibi da ɗan sinadarin kulorin a ciki don hana ruɓewa. Daga nan sai ɗakin sanyi mai maki 0 zuwa 2 a ma'aunin Salshiyos, da laimar iska ta kashi 95 cikin 100 ko fiye. A haka yakan kai mako 2 zuwa 3. Sai dai sanyin ma yana da iyaka: idan ya wuce kwana 10 a maki 0, kan tohon yakan yi laushi, launinsa ya dushe. Saboda haka masu dogon ajiya suka fi son maki 2 zuwa 2.5.

A tsaye ake jera shi cikin kwali, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle ko takarda a ƙarƙashinsa. Dalili shi ne idan aka kwantar da shi, kansa na lanƙwasawa sama, mai saye kuma ba ya son karkatacce.

Ba a haɗa shi da tuffa ko ayaba, domin iskar etilin da suke fitarwa na ƙara masa tauri. Wasu kamfanoni kan ƙara iskar kabon dayoksaid zuwa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a ma'ajiyarsa, abin da ke jinkirta ruɓewa da taurin, muddin iskar oksijin ba ta yi ƙaranci sosai ba. Idan ta yi, sai ya soma wari.

Farin asfaragus, wanda Jamusawa ke ji da shi, yana buƙatar duhu ma, domin haske na rina kansa ya koma shunayya, farashinsa ya faɗi.