Labarin Makarantun Birnin Kano da Rabon Dawakin Kudu a Cikinsu

Tun kafin Bature ya taka ƙasar Hausa birnin Kano gidan karatu ne. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, kuma Shehu Maghili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa. Unguwar Madabo ta yi suna wajen fiƙihu. Yaron ƙauye, ko daga Dawakin Kudu, ko Kura, ko Bunkure, in ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi birni, ya zauna a zauren wani malami, ya fara da Ahalari da Ishmawi, ya bi ta Iziyya da Risala, in Allah ya ba shi tsawon rai ya kai Muhtasar. Ba aji, ba jarrabawa, ba ranar gamawa. Daga cikin irin waɗannan zauruka alƙalai da muhutai suke fitowa.

Turawa suka ci Kano a 1903, suka bar sarauta da shari'a a hannun Sarki, amma suka ce lalle a riƙa rubuta haraji da hukunci yadda Razdan zai iya dubawa. Nan fa aka rasa ma'aikata. Saboda haka a 1909, zamanin Sarki Abbas, aka sa wani Bature haifaffen ƙasar Suwizalan, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwa. Ya yi ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na masu koyon sana'a, ana koyar da rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa, duk da Hausa. Jama'a ba su yi murna da abin ba. Da yawa sun ɗauka hanya ce ta raba yaro da addininsa, har akan ce wasu masu sarauta, in an nemi ɗansu, sai su tura ɗan baransu. To, ɗan baran nan shi ya dawo da alƙalami a hannu, ya zauna kusa da hakimi yana lissafa masa kuɗin gari.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953, al'amarin ya kafu sosai. Makarantar da ake kira Kwalejin Rumfa a yau ta samo asali ne a 1927, ita ce Midil ta Kano, inda ake kai yaran da suka yi fice a elementare ta gundumomi, a ajiye su ɗakin kwana. Mafi yawansu daga nan sai aikin En'e: akawun baitulmali, malamin asibiti, malamin gona, malamin hakimi. Kaɗan ƙwarai ke wucewa Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga baya Zariya. Sarki Ado Bayero a Midil ɗin nan ya yi karatu.

Amma abin da ya fi shafar ɗakin shari'a shi ne makarantar Shahuci da aka buɗe a 1928 don horon ma'aikatan alƙalai, sa'an nan Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a 1934, wadda aka ɗauko mata malamai daga Sudan. Littattafan dai su ne na zaure, mazhabar Maliku ce, sai dai an sa musu aji da lokaci da jarrabawa, an ƙara lissafi, wanda rabon gado ba ya yiwuwa sai da shi. Wanda ya taɓa ganin yadda kuskuren kashi ɗaya cikin takwas yake raba zumunta a kan gona, ya san wannan ba ƙaramin gyara ba ne. A 1947 aka sake mata suna Makarantar Nazarin Larabci. Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, yana cikin ɗalibanta.

A cikin harabar makarantar nan aka dasa ƙwayar jami'a a 1960, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'a mai wannan suna a Zariya a 1962, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshenta, har ta tsaya da ƙafarta a 1977, ita ce Jami'ar Bayero.

Duk tsawon wannan zamani ɗan Dawakin Kudu shi ke zuwa birni. Da aka yi Jihar Kano a 1967, aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya malalo fadamun Kadawa da Kura da Bunkure, ana shinkafa da alkama da tumatir da rani, sai ya bayyana jihar ba ta da isassun injiniyoyi da likitoci 'yan ƙasa. Saboda haka a 1977 gwamnati ta kafa hukumar makarantun kimiyya, ta buɗe guda biyu na maza, ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu. Ba a shiga sai da jarrabawa ta musamman, ana tsamo yara masu kaifin kai daga sauran sakandare. A lokacin En'e ta riga ta kau: kotuna sun fita hannunta tun 1968, ƙananan hukumomi suka gaje ta a 1976. Tun daga shekarar 1977 ɗin nan 'yan birni, na Madabo da Shahuci da Nasarawa, suka fara ɗaukar akwatunansu suna bin hanyar Dawakin Kudu neman karatu.