Kek, Kyandir da Keken Ɗinki: Tarihin Bikin Ranar Haihuwar Yara

A wajen shekara ta 100 miladiyya, wata mata mai suna Claudia Severa, matar wani hafsan sojan Rum da ke zaune a arewacin Ingila, ta aika wa ƙawarta Sulpicia Lepidina wasiƙa a kan wani siririn katako. Gayyata ce zuwa bikin ranar haihuwarta, ranar 11 ga Satumba. An tono katakon a sansanin Vindolanda, kuma yau yana ajiye a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Tun kafin wannan, Herodotus, masanin tarihin Girka, ya rubuta cewa Farisawa ba su da ranar da suke girmamawa kamar ranar haihuwarsu, har masu hali kan gasa sa ko raƙumi sukutum.

Murnar ranar haihuwa tsohuwa ce ke nan. Sai dai duk waɗannan bukukuwa na manya ne. Bikin da aka sani yau, wanda ake tara yara a falo, a sa musu hular takarda, a kunna kyandir a kan kek, a yi wa mai bikin shigar sarauniya ko ta zaki, da ƙyar ya cika shekara ɗari biyu. Kafin ya kafu sai da abubuwa da dama suka haɗu, kuma mafi yawan nauyinsa a kan hannun uwa ya sauka.

Sai an san ranar

Abu na farko shi ne sanin ranar kanta. A Turai ta tsakiyar zamani, talaka bai cika sanin ranar da aka haife shi ba, kuma bai damu ba. Malaman Kirista na farko ma kallon al'adar maguzawa suke yi wa bikin. Origen, wanda ya rayu a ƙarni na 3, ya kafa hujja da cewa a cikin littafinsu masu zunubi kaɗai aka ambata suna bikin haihuwa, wato Fir'auna da Hirudus. Saboda haka a ƙasashen Katolika da yawa ranar waliyyin da aka raɗa wa mutum sunansa ita ake yi wa murna.

Hukuma ce ta mai da ranar haihuwa abin da kowa zai riƙe. Ingila da Wales sun fara rajistar haihuwa ta gwamnati a 1837, dokar 1874 kuma ta ɗora wa iyaye alhakin kai rahoto. A Amurka sai a 1933 tsarin rajistar ya game dukkan jihohi. Makaranta ta ƙara ƙarfafa abin: daga ƙarshen shekarun 1840 aka fara raba ɗalibai aji-aji bisa shekaru a birnin Boston, tsarin ya bazu. Masanin tarihi Howard Chudacoff ya nuna a littafinsa na 1989 yadda tambayar shekarun mutum ta zama ruwan dare a wannan zamani. Da yaro ya zama ɗan shekara bakwai a takarda, ɗan aji biyu, mai abokai sa'anninsa, sai aka sami ranar biki, aka kuma sami waɗanda za a gayyata.

Abu na biyu shi ne matsayin yaron a gida. A 1800, matar Baturiya a Amurka kan haifi 'ya'ya bakwai a matsakaici. Zuwa 1900 adadin ya sauko zuwa tsakanin uku da huɗu. Ingila ta wajabta karatun firamare a 1880, Amurka ta taƙaita aikin ƙwadagon yara da dokar tarayya a 1938. Masaniyar zamantakewa Viviana Zelizer ta bayyana sauyin a littafinta na 1985: tsakanin shekarun 1870 da 1930 yaro ya daina kawo kuɗi gida, darajarsa a zuciyar iyaye kuma ta hau har ba a iya yi mata farashi. Gidan da ke da 'ya'ya uku yana iya ware wa kowanne rana guda a shekara. Gidan da ke da tara, waɗansu a gona waɗansu a masaƙa, ba shi da wannan sukuni.

Kyandir daga Jamus, sukari daga rake

Kek mai kyandir daga ƙasashen Jamusawa ya fito. An ruwaito cewa a 1746, a bikin wani basarake mai suna Zinzendorf, an kawo ƙaton kek da aka huda masa ramuka daidai yawan shekarunsa, kowane rami da kyandir. A 1801 an yi wa marubuci Goethe irin wannan a fadar Gotha, ya kuma lura a rubutunsa cewa kyandiran sun cika kek ɗin, saɓanin na bikin yara inda ake samun sauran fili na shekarun da ke tafe. Wannan ya nuna cewa a lokacin al'adar ta riga ta zama sananniya a bukukuwan yara. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 sun tafi da ita.

Amma kek abincin masu kuɗi ne har sai da kayan haɗinsa suka yi araha. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro hodar da ke sa kek tashi, wadda matan gida ke kira bekin fauda, saboda yis ba ya karɓar matarsa. A 1874 Birtaniya ta soke harajin sukari gaba ɗaya. Murhun ƙarfe mai tanda ya shiga ɗakunan girki. Daga nan matar akawu ko ta malamin makaranta ta iya gasa abin da a da sai gidan sarauta.

Waƙar da ake rerawa ta fito ne daga ajin ƙananan yara. 'Yan'uwa mata biyu a Louisville ta jihar Kentucky, Mildred da Patty Hill, sun wallafa wata waƙar gaisuwar safe a 1893, daga baya aka ɗora wa karinta kalmomin taya murnar haihuwa. An yi rajistar haƙƙin mallakarta a 1935, kamfanin Warner/Chappell ya saye shi a 1988, ya riƙa karɓar kuɗi daga masu fina-finai, har wani alƙalin tarayya ya yanke hukunci a 2015 cewa kamfanin ba shi da haƙƙi a kan kalmomin. A 2016 ya amince ya biya dala miliyan 14, waƙar ta koma ta kowa.

Shigar burtu ta sauko daga fada

Sa kayan kwaikwayo a biki shi ma daga sama ya gangaro. A 1842 Sarauniya Victoria ta shirya gagarumar liyafa a fadar Buckingham, ta fito a shigar Sarauniya Philippa, mijinta Albert a shigar Sarki Edward na Uku. Attajirai suka kwaikwayi fada, masu matsakaicin hali suka kwaikwayi attajirai, zuwa ƙarshen ƙarnin har an fara shirya wa yara nasu. Mujallun mata suka cika da bayanin yadda za a mai da yarinya makiyayiya ko fure, a mai da yaro matuƙin jirgin ruwa.

Mai kuɗi tela zai kira. Sauran mutane keken ɗinki ne ya cece su. Isaac Singer ya sami lasisin ƙirar kekensa a 1851, daga 1856 kamfaninsa ya fara sayar da shi bisa biya kaɗan-kaɗan. A 1863 wani tela a jihar Massachusetts, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da siririyar takardar awo mai girma daban-daban, wadda ake shimfiɗawa a kan yadi a bi ta da almakashi. Da kayan maza da na yara maza ya fara, kafin ya shiga na mata a 1866. Matar da ba ta taɓa zama a shagon tela ba ta sami hanyar yanka riga daidai jikin ɗanta.

Sai kuma takarda ta zo ta rage kuɗin yadi. Daga shekarun 1890 kamfanin Dennison na Massachusetts ya shiga yin wata takarda mai launi, mai tamoji, wadda ke miƙewa kamar yadi, ana iya ɗinka ta ko a manna. Kamfanin bai tsaya ga sayar da takarda ba. Ya riƙa buga ƙananan littattafai masu koyar da ado, ciki har da na bikin Halowin da ya fara fitowa a 1909, ya kuma riƙa koyar da mata a shagunansa yadda ake yin fure da hula da riga. A shekarun 1920 uwa kan ɗauki tsohuwar shimi, ta ɗinka mata takarda kore da ja, da safe 'yarta ta fito a matsayin furen wardi.

Akwai kuma wata jijiya da ta fito daga makaranta. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna lambun yara a 1840, ya sa ninke takarda da yanka ta da saƙa ta cikin darasi, bisa imanin cewa hannu na koya wa ƙwaƙwalwa. Sarƙar takarda da ake ratayawa a falo da hular da yaro ke yi wa kansa, jikokin wannan darasi ne.

A nan ne abin lura yake. Abin da ake kira aikin hannu na gida tun farkonsa kasuwa na ciki: keken na Singer ne, awon na Butterick, takardar ta Dennison, shawarar ta mujalla. Abin da uwa ta zuba shi ne lokacinta da barcinta. Masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan ta yi bayani a littafinta na 1983 cewa injinan gida sun rage wahalar aiki, amma sun ɗaga ma'aunin abin da ake tsammani daga matar gida, har aikin nata ya ƙaru. Bikin haihuwa misali ne ƙarara. Da gasa kek ya yi sauƙi, sai rashin gasa shi ya zama abin kunya.

Lokacin babu, da lokacin yalwa

Shekarun tsanani sun gwada wannan al'ada, ba su kashe ta ba. A lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, matan karkarar Amurka sun riƙa farke buhunan fulawa da na abincin kaji, waɗanda na auduga ne, suna ɗinka wa yara riguna. Da masu masana'anta suka lura, sai suka fara buga furanni a jikin buhun, don mace ta zaɓi fulawa saboda zanen buhunta. A Birtaniya an fara rabon sukari da kati a 1940, na tufafi a 1941, a 1943 gwamnati ta fitar da ɗan littafi mai koyar da faci da sake fasalin tsofaffin kaya. Sai a 1953 aka saki sukari. Yaran wannan zamani sun yi biki da rawanin kwali da alkyabbar tsohon labule, iyaye mata na tara rabon sukarin makonni domin kek ɗaya.

Yalwa ce ta fi yi wa ɗinkin gida illa. Kamfanin Ben Cooper na New York, wanda aka kafa a 1937, ya sami izinin yin kayan taurarin Disney, bayan yaƙi kuma talabijin ta cika kan yara da jarumai masu kama guda sananniya. Yaron da ke son ya zama wani jarumin fim ba zai yarda da kwatankwaci ba, shigar da ya gani a allo yake so, ita kuma a kanti take. Mata da yawa sun fita aikin albashi, lokacin zama a gaban keke ya ƙaranta. A 1977 Nolan Bushnell, wanda ya kafa kamfanin wasannin Atari, ya buɗe gidan cin abinci da wasan yara na Chuck E. Cheese a San Jose, bikin ya fara barin falo yana komawa wurin haya.

Intanet ta dawo da aikin hannu, amma da wata fuska. Tun da Pinterest da Instagram suka bayyana a 2010, kek da rigar da aka yi a gida sun zama abin nunawa ga dubban baƙin ido. A zamanin Dennison maƙwabta goma ne za su ga rigar takarda, ta yage kafin magariba, a manta. Yanzu hoton ya fi bikin daɗewa, kuma uwa na auna kanta da ƙwararrun da sana'arsu ke nan.

Da ya iso nan

Bikin ya shigo biranen ƙasar Hausa ta hanyar da ya bi a can: takardar haihuwa, makarantar boko mai aji-aji, albashi, sannan talabijin da waya. Malamai na da saɓani a kan hukuncinsa, gidaje da yawa ba sa yi. Inda ake yi kuwa, galibi a matakinsa na ƙarshe ya iso, na kek ɗin oda da balan-balan da mai hoto, ba tare da ya bi ta zamanin almakashi da gam ba.

Amma yaran Hausa ba baƙi ba ne ga shigar da aka haɗa a gida. Daga goma ga azumi, masu tashe kan manna gemun auduga, su cusa tsumma a riga ya zama tumbi, su shafa gawayi ko toka, su bi gida-gida ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Haka motar kara da ta gwangwani, da 'yar tsanar da ake yi wa kitso. Bambancin da ke tsakanin wannan da rigar takardar Amurka shi ne wanda ya yi aikin. A can uwa ce ke kwana ɗinki, yaro ya farka ya tarar. A tashe yaron ne ke neman audugarsa, ya roƙi tsohuwar rigar kakansa, ya gwada, abokai su yi masa dariya, ya gyara. Abin da Froebel ya yi ƙoƙarin shigarwa cikin manhaja, yaran unguwa sun daɗe suna yin sa a ƙofar gida bayan shan ruwa, ba tare da an sayar wa iyayensu komai ba.