Wasiyyar Thellusson: Attajirin da Ya Tsallake 'Ya'ya da Jikoki

Peter Thellusson, ɗan kasuwar Landan wanda danginsa 'yan Janeba ne, ya rasu a 1797, ya bar dukiyar da ta kai kimanin fam 600,000. Ya ware wa matarsa da 'ya'yansa wani kaso, sauran kuwa ya damƙa wa amintattu da sharaɗi mai tsauri: a sayi filaye, a riƙa mayar da riba cikin uwar kuɗi, kada a raba sai duk 'ya'yansa maza da jikokinsa maza da ke raye ranar rasuwarsa sun ƙare. Sannan a kasa uku, a ba babban namiji daga zuriyar kowane ɗa. In zuriya ta yanke, a biya bashin ƙasa da ita.

Iyalin suka garzaya kotu, suka sha kaye a 1799, Majalisar Iyayen Ƙasa kuma ta tabbatar da hukuncin a 1805. Dalilin alƙalai a fili yake: doka ta halatta ɗaure dukiya tsawon rayuwar mutanen da ke raye, shi kuma bai ƙetare wannan iyaka ba. Ya dai yi amfani da ita har ƙurewarta.

Abin da ya tayar da hankalin masu mulki shi ne lissafi. Riba a kan riba na tsawon shekara sittin ko saba'in tana iya tara wa mutum guda miliyoyin fam, ƙarfin da zai iya gogayya da gwamnati. Don haka a 1800 aka kafa dokar taƙaita irin wannan tari, wadda ɗaya daga wa'adinta shi ne shekara 21 bayan rasuwar mai wasiyya. Dokar ba ta waiwayi wasiyyar da ta haife ta ba. A fiƙihun Malikiyya da wuya rikicin ya taso ta wannan siga, tunda wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma rabon magada yana tabbata da zarar mutum ya cika.

Jika na ƙarshe ya rasu a 1856, sai sabuwar shari'a ta ɓarke: wane ne "babba", wanda ya fi shekaru ko wanda ya fito daga ɗakin fari? Aka kai 1859 kafin a yanke. Kuɗin lauyoyi da ɗawainiyar kula da filaye sun riga sun lashe yawancin ribar, har abin da Lord Rendlesham da Charles Sabine Thellusson suka raba bai ɗara uwar kuɗin da wani abin kirki ba.