Ɗanmasanin Kano: Ministan da ya riƙe man Najeriya yana ɗan shekara 30

Yau hirar tamu a kan Alhaji Yusuf Maitama Sule ce, Ɗanmasanin Kano.

Mafi yawanmu a bidiyo muka san shi: dattijo cikin babbar riga, idanu sun daina gani, amma in ya buɗe baki sai zaure ya yi tsit. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, kafin ya zama wannan dattijon, matashi ne kamar ni da ku.

An haife shi a birnin Kano a 1929. Ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa bawan gidan Madakin Kano ne, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin hakan ba. Ya yi makarantar Shahuci, ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda ta zama Barewa. Da ya gama sai ya dawo Midil ɗin ya kama koyarwa. Malamin makaranta ke nan, da alli a hannu.

A 1954 ya shiga Majalisar Wakilai ta tarayya a Legas a ƙarƙashin NPC, yana ɗan shekara 25. Kun san wa ya kayar? Malam Aminu Kano na NEPU. Amma fa a faɗi gaskiya, a wancan lokacin zaɓen Arewa ba kai tsaye ake yi ba, wakilai ne ke zaɓe, kuma tsarin ya fi karkata ga masu mulki.

A 1959 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya naɗa shi Ministan Ma'adinai da Wutar Lantarki. Ku duba nauyin kujerar nan. An gano mai a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi waje a 1958. Wato arzikin da ƙasar nan ke ci har yau, tun yana jariri aka danƙa wa saurayi ɗan shekara 30. A zamaninsa aka fara gina madatsar Kainji a 1964, aka buɗe matatar mai ta farko a Fatakwal a 1965. Yana kan kujerar har juyin mulkin Janairun 1966.

Daga nan bai ɓace ba. Ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako a Kano. A 1976 ya zama shugaban farko na hukumar karɓar koke-koken jama'a ta ƙasa. Ya nemi takarar shugaban ƙasa a NPN, Shehu Shagari ya kayar da shi, amma bai yi fushi ya bar jam'iyya ba. Shagarin ne ma ya tura shi Majalisar Ɗinkin Duniya a 1981, inda ya jagoranci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A 1983 ya sake zama minista, mai kula da gyaran ɗabi'un 'yan ƙasa, sai dai sojoji suka kifar da gwamnatin a ranar 31 ga Disamba. Allah ya yi masa rasuwa a Alƙahira ranar 3 ga Yulin 2017.

To ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Sai a 2018 aka sa hannu a dokar da ta rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Mun yi ta murna kamar mun ciwo sabon abu, alhali shekarun da Ɗanmasani ya shiga majalisa ke nan tun 1954. Ƙofar a buɗe take yanzu. Amma shi kafin ya shiga ya yi karatu, ya koyar, ya iya tsayawa gaban jama'a ya kare ra'ayinsa. Mu fa, me muka tanada ban da yaɗa bidiyonsa?

Allah ya jiƙan Ɗanmasani da rahama.