Ibada a Bayan Ganuwa

Mutumin birnin Zazzau, tun zamanin da Malam Musa ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, bai san addini dabam hukuma dabam ba, domin kuwa sarkin da ake kai wa zakka shi ne mai naɗa alƙali da limami, wanda kuwa ya yi sakaci da salla, tun kafin malami ya yi masa nasiha, idon unguwa ya riga ya hore shi. Sai da hanyar jirgin ƙasa ta ratso Zariya ta kai Kano a 1911, Turawa suka yanka fili a bayan ganuwa, suka zaunar da akawuna da ma'aikatan reluwe, Yarabawa da Ibo da sauran baƙin Kudu, suka sa su ƙarƙashin majistare maimakon alƙalin sarki, sa'an nan aka sami wuri a ƙasar Zazzau inda ake sayar da giya a sarari, ƙararrawar coci tana kaɗawa ran Lahadi, ɗan dako kuma ya shimfiɗa buzunsa gindin dilolin auduga ya ta da kabbara, alhali babu mai tuhumarsa in ya bari.

A ganina wannan ɗan dako shi ne masomin al'amarin, gama a Sabon Gari, wato filin nan na bayan ganuwa, ne ibada ta fara zama nauyin da mukallafi ke ɗauka shi kaɗai, tsakaninsa da Ubangijinsa.

Samaru kuwa, wadda ta soma da gonar gwaji a 1922, ta kai maganar fagen ilimi. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a can ran 4 ga Oktoba 1962, Sardauna, jikan Shehu, ya yarda ta zama ta kowa da kowa. Ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, daga 1966 zuwa 1975, shi ne Dokta Ishaya Audu, Bahaushe Kirista, kuma a zamaninsa ɗalibi kan fito daga ɗakin gwaje-gwaje da butarsa a hannu, ya yi alwala gefen famfo, abokin karatunsa yana riƙe masa littattafai.

Amma da muhawarar Shari'a ta ɓarke a majalisar tsara tsarin mulki a 1978, aka kuma rubuta cikin kundin 1979 cewa gwamnati ba za ta ɗauki wani addini a matsayin nata ba, sai matasan da suka taso cikin wannan sarari suka shiga tambaya ko ya halatta mumini ya yi mubaya'a ga daular da ba ruwanta da wahayi. Daga cikinsu ne Ibrahim Zakzaky, ɗalibin tattalin arziki, ya fito. A harabar nan dai Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi, ya yi ta jayayya cewa masu mulki ne ke juya addini don biyan bukatunsu, magana mai ƙarfi, ko da yake ta rage wa iklasin samarin nan hakkinsa. Cikin Maris 1987, da fitinar addini ta Kafanchan ta iso Zariya, aka ƙone coci-coci a Samaru da Sabon Gari da Wusasa. A shekarar nan kuma littafin Bala Usman kan juya addini ya fito.